Awon Hankali a Ƙasar Jamus

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba. Wanda ya san abin da ya sami ƙauyukan bayan Kaya a ƙasar Maradun ya san dalili, wanda bai sani ba ya gode wa Allah. Abin da za ku riƙe kawai shi ne na bar mai ɗakina da yara huɗu a Talata Mafara, cikin wani kango da ɗan'uwanta ya ara mana, na ce musu zan je in nemo ƙasar da za ta ba mu izinin zama, inda mutum zai kwanta bai bar takalmi a ƙafa don shirin gudu ba. Sunana Garba. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya haɗiye abinsa, ba don a yaba min na yi ba.

A Agadas anka fara cutata, kuma ba Buzu ne ya cuce ni ba, ba Balarabe ba. Ɗan ƙasarmu ne, mai tabon salla a goshi, carbi ba ya barin hannunsa. Ya same ni bakin tasha ina jiƙa gari, ya zauna ya yi min gaisuwa irin ta gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Da ya ji na taɓa noman rani a Bakolori sai ya tafa hannu, wai ni ake nema. Akwai wani Balarabe a Libiya mai gonar albasa, ya rasa wanda ya san ban-ruwa. Ya ce, "Malam Garba, irinku ba su leburanci. Kai nuna aiki kawai za ka riƙa yi da sanda." Mutumin da ya daɗe ba wanda ya kira shi malam in ba mai ɗakinsa ba, kun san yadda wannan magana za ta shige shi.

Munka shiga sahara a bayan mota, an cusa mu kamar buhunan gero, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sandar da anka kafa tsakanin cinyoyinsa. Rana ta gasa mu har leɓena ya tsage. Wani mutumin Gambiya da ke gefena barci ya ɗauke shi, ya saki sandarsa, ya faɗi. Munka yi ta bugun mota muna ihu. Direba ya leƙo ta madubi, ya ƙara wuta. Na ga mutumin ya tashi tsaye yana ɗaga hannu, yana ƙanƙancewa, har yashi ya rufe shi.

Gonar albasa kuwa gaskiya ce, akwai ta. Albasar ma gaskiya ce. Ladan aikin ne ƙarya, don ashe mai carbi ya riga ya karɓe shi tun ban iso ba. Sandar da anka ce zan riƙa nuna aiki da ita, a bayana ta riƙa sauka. In na yi maganar haƙƙina sai mai gona ya ce gobe. Mutum ɗaya na samu a gidan nan mai tsoron Allah, tsohuwar da ta haife shi. Idan rana ta take sai ta turo min shayi da gurasa ta ƙarƙashin ƙofar baya, ta kira ni ɗanta, ni da furfura ta fara fito min. Ranar da na gudu ita ta bar ƙofar a buɗe, ta juya baya tana shanya kaya kamar ba ta gan ni ba.

Maganar teku ba zan yi ta ba. Na shiga, na fita, wasu ba su fita ba. A Italiya na tsinki tumatir har yatsuna sunka daina miƙewa, na kwana a rumfar leda da mutanen da ba mu jin yaren juna, abin da ya haɗa mu yunwa da alƙibla. Can na ji ana cewa Jamus na karɓar wanda yaƙi ya koro. Na bi jirgin ƙasa, na sauka, na miƙa kaina ga 'yan sanda. Anka yi ta tura ni daga wannan sansani zuwa wancan har na tsaya a wani gari mai suna Laifzig.

A nan na haɗu da Isiyaku. Mutumin Birnin Ƙonni ne ta Nijar, tsarana, ya daɗe a ƙasar har ya zama tafinta. Ranar da na ji ya ce "ƙaƙa gajiya" irin yadda muke faɗi a gida, sai da na kama bango. Shi ya zauna tsakanina da ma'aikacin da ya fara yi min tambayoyi don a ga ko na cancanci zama. Anka tambaye ni garinmu, na faɗa. Anka tambaye ni abin da ya kore ni, na ce 'yan bindiga sun zo bisa babura muna girbin dawa, sun harbe mutane a gona, har da wani saurayi na gidan yayana da ya zo taya mu aiki. Anka tambaye ni 'ya'yana nawa, na ce huɗu.

To a nan ne fa. Saurayin nan ɗana ne na fari. Ku da kuke karanta wannan kun san al'adarmu, ba sai na koya muku ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ƙirga shi a gaban mutane, ba a zama a ce nawa ne. Tun da anka yaye shi yayana ya ɗauke shi zuwa Damri ta ƙasar Bakura, can ya girma, can ya yi gemu. Idan ya zo gaishe ni yakan durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon wani wuri. Ubana haka ya yi da yayana, kakana haka ya yi da nasa. Da baƙon Bature ya tambaye ni, bakina ya ba da amsar da ya saba bayarwa. Ban ji a raina na yi ƙarya ba, har yau ban ji ba.

Sunka ƙi ni. Wai Najeriya da faɗi, in koma wani gefe in zauna. Isiyaku ya kai ni wurin wata lauya mai taimakon irinmu, ta ɗaukaka ƙara, anka ce in jira. Jira a ƙasar nan aiki ne da ba a tashi. Ba noma, ba kasuwa, ba mai yi maka sallama. Na riƙa tsayawa a kanti ina shinshina albasarsu, ba ta da yaji, ba ta sa hawaye, kamar an wanke ta da sabulu. In na tuna warin rumbun albasa a Mafara lokacin zafi, wanda da nake toshe wa hanci, sai in aje tasu in fita.

Wata rana da hantsi muna tafiya da Isiyaku a bakin titi, wasu samari sunka wuce bisa manyan babura, a jere. Ban san lokacin da na faɗa cikin shingen furanni ba. Na dawo hayyacina na gan ni kwance rubda ciki, ƙasa a bakina, wandona a jiƙe, wata tsohuwa da karenta suna kallona. Isiyaku ya tashe ni, ya cire rigarsa ta sama ya ɗaura min a ƙugu, da munka yi nisa ya tambaye ni.

"Wanga abu ya daɗe shina yi maka?"

"Santsi na kwashe ni."

"Santsi cikin bazara? Ku 'yan Najeriya ko a gaban kabari sai kun yi ƙarya."

"Ku 'yan Faransa kuma sai shiga abin da ba ruwanku."

Ya kai wa lauya labari. Ita kuma ta ce wannan zai taimaki shari'ata, in je in ga masaniyar halayyar ɗan Adam, ta duba ni ta rubuta abin da ta gani. Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Isiyaku ya ce, "Ba wanda yac ce kai mahaukaci na. Amma in kana son ɗiyanka su taka ƙasar ga, tashi mu tahi."

Sunanta Katrin. Yarinya ce a idona, da wando, da keke, gashi a yanke kamar na namiji. Ɗakinta ba gado, ba allura, ba warin magani, kujeru uku ne da tukunyar fure. Ta tambaye ni yaya nake, na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta tambayi barci, na ce lafiya lau. Ta tambayi cin abinci, na ce sai godiya. Isiyaku ya aje hannu a gwiwata.

"Garba, nan ba gaisuwa a kai ba. In ka ce lahiya lau, lahiya lau za ta rubuta, su sa ka jirgi."

"To mi zan ce? In zauna gaban ɗiyar mutane in yi ta kuka?"

"Awo, shi ta ka jira. Aikinta ke nan."

Na ce ya tambayar min ita wane irin aiki ne wannan, likita ba likita ba, malami ba malami ba, boka ba boka ba. Na zaci za ta ji haushi. Dariya ta yi, ta ce tambayar da ake yi musu ke nan tun ranar da anka fara, kuma na yi sa'a, don a garin nan anka fara. Ta ce mako mai zuwa mu same ta a jami'a.

Munka je. Ta kai mu wani dogon lungu inda anka jera tsofaffin kaya cikin akwatunan gilashi. Agogo na tagulla mai fuska biyu, wayoyi, wani ɗan maɓalli kamar na masu buga waya a zamanin Turawan mulki. Ta ce da can maganar rai da tunani ta masu falsafa ce da malaman addini, kowa ya faɗi nasa, a yi musu a tashi. Sama da shekara ɗari da sunka wuce sai wani malami a garin nan ya ce musu ya isa, a auna. Ya zaunar da ɗalibi, a buga ƙara, ɗalibi ya danna maɓalli, agogon nan ya nuna tsawon lokacin da ƙarar ta ɗauka kafin ta shiga kunne ta zama motsin yatsa. Wannan ɗan tsakanin, in ji ta, shi ne karo na farko da anka kama tunani anka sa shi a ma'auni. Ɗalibai sunka zo daga ƙasashe, har Amurka, sunka koma sunka buɗe irin ɗakin a garuruwansu.

Na ce, "Wato duk ilimin naku daga danna maɓalli ya fito."

Ta ce daga nan ya fara, bai tsaya nan ba. Wani a Rasha ya lura da karnuka, in an saba yin wata ƙara kafin a ba su abinci, daga baya ƙarar kaɗai ta isa ta sa yawunsu ya zuba. Jiki yana koyon abu ba tare da ya nemi izinin mai shi ba. Tana faɗin haka ba ta dube ni ba, amma ni ba jaki ba ne. Na ce wa Isiyaku, "Ka ji ko? Babur shi ne ƙarata, ni ne karen." Ya ƙi fassarawa. Na ce sai ya fassara. Da ta ji sai fuskarta ta yi ja, ta ce ba ta nufin raini, amma i, hanyar ɗaya ce, a kare, a Bajamushe, a kowa. Na so in tashi in tafi. Abin da ya zaunar da ni shi ne gaskiya ta faɗa.

Ta ci gaba. Wani likita a birnin Biyana ya ce ba agogo ake buƙata ba, a bar mutum ya kwanta ya yi ta magana har abin da ya binne ya fito. Masu agogo sunka ce wannan ba kimiyya ba ce, tatsuniya ce. Wasu a Amurka sunka ce a bar maganar zuciya gaba ɗaya tunda ba a ganinta, a duba abin da mutum ke aikatawa kawai. Na ce ashe su ma suna da ɗariƙu, kowa na kafirta ɗan'uwansa. Isiyaku ya yi dariya har da tari. Sai ta zo kan yaƙe-yaƙen Turai. Sojoji sunka riƙa dawowa ba rauni a jiki amma suna karkarwa, ƙofa ta buga su faɗi ƙasa. Da farko an ce matsorata ne, an hukunta wasu. An daɗe kafin a yarda ciwo ne, a ba shi suna, a nemi maganinsa. Ta ce shi take zaton yana damuna.

Na ce mata mu ma ba a daji munka tashi ba. Malaminmu na zaure a Bakura ya karantar da mu rai iri uku, mai umarni da mugun aiki, mai zargin kansa, da wanda ya natsu. Ta ce ta sani, likitocin Musulmi sun yi rubutu kan baƙin ciki da waswasi tun Turai ba ta farka ba. Na ce to a cikin duk mutanen da kunka auna, akwai na Maradun? Ta ce babu. Ta ce yawancin abin da sunka sani, a jikin ɗaliban Turai da Amurka sunka gano shi, sannan sunka ce haka ɗan Adam yake. Ta ce wannan rauni ne a iliminsu, kuma sun fara gane shi. Tun da na bar gida ban ji mai ilimi ya ce bai sani ba sai ranar. Shi ya sa na koma.

Na yi ta zuwa duk lokacin sanyi. Ba zan zalunce ta ba, ta koya min abubuwa. In na ji ƙarar babur in dafa wani abu mai ƙarfi, in saki numfashi a hankali, in faɗa wa kaina inda nake da abin da idona ke gani. Da farko na ɗauka wasan yara ne. Daga baya na ga ina tsayawa da ƙafafuna. Ta gane ba na kallon idonta don ladabi ne, ta daina neman idona. Ta koyi cewa "ina kwana", tana faɗinsa kamar mai tauna tsakuwa.

Wata rana ta ce in ba ta labarin gonar, a hankali, in tsaya inda na ga dama. Na faɗi yadda munka ji ƙara daga gabas, yadda na faɗa cikin kwari na lafe, yadda na fito bayan sun wuce. Na faɗi yadda na sami saurayin nan kife a kan damin dawa, lauje na hannunsa. Na faɗi yadda na goya shi zuwa gari, ƙafafunsa na jan ƙasa don ya fi ni tsawo. Na ce ni na yi masa wanka, na ga tabon ƙunar da ya samu a cinya yana rarrafe, ranar da ya jawo tukunyar kunu.

Ta ce, "Yana rarrafe? Ai ka ce a gidan yayanka ya tashi. Mene ne shi a wurinka?"

Na dubi tukunyar fure. Isiyaku ya juyo gaba ɗaya ya zuba min ido.

"Garba. Ɗan hwarinka na?"

Na ce, "Haka mutane ka cewa."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Inna lillahi. Kai wanga bawan Allah! Huɗu kac ce! Da bakina na hwaɗa musu huɗu!"

"To da kai anka tambaya, mi za ka ce?"

Ya san shi ma abin da zai ce ke nan a Ƙonni. Ya juya ya yi wa Katrin bayani mai tsawo da Jamusanci. Ta yi ta tambaya, yana amsawa. Uwa ma ba ta faɗi? Ba ta faɗi. Ko bayan ya mutu? Ko bayan ya mutu. To yaya kuke makokinsa? Na ce mutane na zuwa su yi wa yayana ta'aziyya, ni in zauna a gefe in taya shi karɓa. Ta aje alƙalaminta. Sannan ta ce za ta rubuta duk wannan, da al'adar, da dalilinta, yadda alƙali zai gane.

Ranar shari'a anka sa ni a gaban alƙali, wani dattijo mai tabarau, mai magana a hankali. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ƙona min rai, da mugu ne da na san inda zan aje shi. Wakilin gwamnati ya tashi ya ce labarina girma yake yi. Da farko ɗan yayana ne, da lauya ta shigo sai ya zama ɗana. Da farko huɗu, yanzu biyar. Ya ce ilimin halayya da kansa ya nuna mutuwar ɗa ita ce abin da uba ba ya mantawa, to wane uba ne za a tambaye shi 'ya'yansa ya tsallake wanda anka kashe a gabansa? Katrin ta nemi magana, ta ce ba mantawa ya yi ba, kuma abin da ake ambato an gano shi ne a kan mutanen da ba su da wannan al'ada. Alƙali ya saurare ta da kyau, ya gode mata, ya juyo kaina.

Isiyaku ya fassara, "Ya ce in ɗanka na, ka hwaɗi sunanai." Sannan ya ƙara da nasa, murya ƙasa-ƙasa, kamar cikin fassarar ne. "Hwaɗi, don girman Allah. Tuna da waɗanda ke kango. Allah ya san lalura ta."

Tun ranar da liman ya raɗa sunan nan, wanzami ya yi aski, sunan bai taɓa bi ta harshena ba. Na san shi kamar yadda na san hannuna, amma ban san nauyinsa a baki ba. Na dubi tebur. Na tuna kangon Mafara in ruwa ya sauko, yadda suke tsayuwa a kusurwa ɗaya da tabarma a ka. Na buɗe baki na faɗa.

Alƙali ya karkato kunne. Wai bai ji da kyau ba, in sake.

Na sake.

Ya ce a faɗa masa harafi-harafi. Isiyaku ya yi ta jero masa, shi kuma yana rubutawa, ya maimaita da bakinsa, ya karya shi gida biyu, ya tambaya ko daidai ne. Na ce daidai ne. Katrin na kallon ƙasa. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwar Talata.

Bayan wani lokaci lauya ta kira mu, ta faɗa mana da baki. Alƙali ya yarda ba ni da lafiya. Bai gamsu cewa saurayin ɗana ne ba, tunda maganata ta canza. Ko da ɗana ne, in ji shi, akwai manyan birane a Najeriya da 'yan bindiga ba su kai ba, akwai asibitoci. In tattara in koma. Isiyaku ya fita waje ya bar mu, na hango shi ta taga yana share fuska da hula.

Katrin ta zo sallama kafin a kai ni filin jirgi. Ta ce ta yi baƙin ciki, ta ce iliminsu ya gaza a kaina. Ta nemi izini ta riƙa ba ɗalibanta labarina ba tare da sunana ba, don kada a sake yi wa wani haka. Na ce ta bayar. Na ce wa Isiyaku ya gaya mata na taya su murna, ilimi ya ƙaru, an tashi daga maɓalli an koma kare, daga kare an koma soja, yanzu an iso kan Garba. In an buɗe sabon akwatin gilashi a lungun nan a sa ni ciki. Wannan karon ya fassara duka. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta ce "sai wata rana" da Hausarta mai tsakuwa. Na amsa mata, don ba ita ta kore ni ba.

Tafiyar da ta ci min shekaru, jirgi ya maido ni cikin yini guda. Yanzu ina ƙwadago a gonakin wasu a Bakolori, ina dashen albasa da mutanen da da nake ba aiki. Muna nan cikin kangon, an dai samu an rufa rabinsa da kwano. Mafara kuwa gari ne na 'yan kabu-kabu, babur ta gaba babur ta baya, don haka kullum ina dafe da bangon wani ina sakin numfashi kamar yadda yarinyar nan ta koya min. Yana aiki. Na tsallaka sahara da teku na dawo da dabarar tsayuwa a bakin titi, ita ke nan tsarabata. Masu zaman majalisa suna ce min Bajamushe, in na wuce su tambaye ni ina motar.

Ban ba mai ɗakina labarin kotu ba sai da damina ta wuce. Wata rana da la'asar yara sun tafi makarantar allo, tana zaune tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai, na zauna bakin ƙofa na faɗa mata duka, da huɗun, da alƙalin, da abin da anka sa ni na yi. Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Malam, ka hwaɗa? Da bakinka?"

"Har sau biyu."

"Gaban kahirai da mata?"

"Gaban kowa."

Na jira ta ce na zubar mana da mutunci. Ta daɗe tana kallon faifan. Tun da munka binne shi ba mai ambatonsa a gidan nan, ƙannensa sun daina don kada su sa ta kuka, yayana da ke kiransa safe da yamma shi ma ya bi shi lahira. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, kamar amarya, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"To hwaɗa mini, Malam. Sau ɗaya. Ba kowa gidan. In ji shi kawai."

Na gyara zama. Na buɗe baki. Na ji shi ya taso tun daga ciki, ya iso maƙogwaro, ya tsaya. Na sake gwadawa. Akuyar maƙwabta ta leƙo ta koma. Ta jira ni har inuwar bango ta kai ƙafarta, sannan ta sunkuya ta ci gaba da tsintar tsakuwa.

Wani dattijo mai tabarau a Jamus ya ji sunan nan daga bakina sau biyu, ya rubuta, ya ce bai gamsu ba. Uwar da ta haife shi ta roƙa sau ɗaya, har yau ban iya ba ta ba.